Dawar da ta Makara Sati Biyu

Sabuwa, 3 ga Oktoba

Zuwa ga Baba Gide, Ketare.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Bilki da duk mutanen gida. Ya ƙafar taka? Ni ce Khairiyya, ɗiyar marigayi Sagiru, jikar Ɗanhausa ɗan baffanka. Na yi wannan bayani ne don na san jikoki sun yi maka yawa, ga shi rabona da Ketare shekara shida. Tunda aka rufe layin waya muka koma takarda. Jabiru direba ya ce yana biyowa ta Faskari ya iso wajenku duk sati, shi na ba.

Baba, kwalejinmu ta turo ni nan Sabuwa koyarwar gwaji, ina koyar da lissafi a sakandare. Ranar 28 ga wannan wata wata malama za ta zo daga kwaleji ta zauna a bayan aji ta duba ni. Sunanta Hajiya Fatima Zahra'u. In ta yarda da ni na gama karatu, in ba ta yarda ba sai na maimaita shekara guda. Ɗalibai sun sa mata suna Hajiya Don-me, saboda duk abin da ka faɗa sai ta tambayi dalili.

Ga darasin da ya faɗo kaina. Muna yin wani zane a allo, layi ne da ke nuna yadda abu ke ƙaruwa ko raguwa, muna rubuta shi y = f(x). Idan aka ɗebe biyu daga x, wato y = f(x − 2), sai zanen gaba ɗaya ya matsa taku biyu, siffarsa ba ta canza ba. Ran Talata na ce wa yara hagu yake matsawa, tunda ɗebewa baya ce. Malam Abdulgafar, shugaban lissafi na makarantar, ya tsayar da ni gaban yara ya ce dama ne. Na duba littafi, shi ma dama ya ce. Na haddace, amma wallahi ban san dalili ba. Yaya za a ɗebe abu kuma ya yi gaba?

Ba don ka san boko na rubuto ba. Na tuna kai ka koya mani ƙirga da ƙwayar gurjiya a zaurenka, kuma kai ka tsaya wa karatuna bayan rasuwar Babanmu. Addu'a nake roƙo.

Jikarka, Khairiyya.

*

Ketare, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Malama Khairiyya.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya lau. Bilki na gaishe ki. Ƙafa tana nan, ni da ita mun yi sulhu: ba ta kai ni nesa, ni kuma ba na zaginta gaban mutane.

Wai ke ce za ki gaya mani ko ke wace ce? Yarinyar da takan cinye gurjiyar ƙirga kafin mu kai ashirin, sannan ta rantse sha biyu na ba ta? Tun lokacin na san kin iya ɗebewa.

Addu'a kuwa mun yi, muna kan yi. Amma kin taɓo mani inda ke ƙaiƙayi da kika ce ba don na san boko ba. Gaskiya ne, boko na yaƙi da jahilci gare ni, shi ya sa kike ganin baƙaƙena kamar kaji sun yi dambe. To amma zauna ki ji.

Ina saurayi na yi wa malaman gona aiki a gonar gwaji. Aikina guda ne, in riƙe sanda in auna tsawon shuka, su rubuta. Suka tashi suka tafi, suka bar ni da halin. Shekara arba'in da wani abu ke nan duk Juma'a in na taso masallaci sai na biya gona da sandata, na auna dawa, na zo na sa a littafi. Mamuda, abokina tun na kaciya, kullum sai ya tare ni bakin hanya ya ce, “Gide, awo dai ba ya ƙara wa dawa tsawo.” In ce mashi, “Surutu ma haka.” A haka muka tsufa.

Bana gona biyu na shuka da iri ɗaya. Ta bayan gari na shuka ta da ruwan fari. Ta bakin rafi sai bayan sati biyu cif, don san nomana ya gurɗe. Daga ranar shukar fari nake ƙirga satuttuka. Ga abin da ta bayan gari ta yi: sati na biyu taƙi ɗaya, na huɗu taƙi biyu, na shida taƙi huɗu, na takwas taƙi bakwai. Ta bakin rafi kuwa ba abin da ta rage, ba abin da ta ƙara. Duk tsawon da yayarta ta kai ita ma ta kai, sai dai kullum tana isowa bayan sati biyu. Sannu ba ta hana zuwa, in ji mutanen da, sai dai a daɗe ba a je ba.

Har na daina wahalar da ƙafata zuwa rafi. In ina son sanin tsawonta a sati na shida, sai in ɗebe biyu, in duba abin da yayarta ta yi a sati na huɗu. Taƙi biyu. In na aika a duba, haka ake tararwa. To wannan ba shi ne ɗebewar taku ba? Ba tsawo ake ɗebe wa ba, kwanaki ake ɗebewa, don ita ƙanwar ba ta ci kwanakin da aka ƙirga mata ba.

Saura batun hagu da dama. Na buɗe littafina, inda na jera satuttuka a layi, kan kowane na ja sanda daidai tsawon dawar. Na sa tabarau na duba da kyau. Sandunan wadda ta makara suna nan gida biyu hagu da na yayarta. Na buɗe na shekarun baya, duk shekarar da wata gona ta makara, hagu take zama. Ashe ke ce da gaskiya, jikata. Malamin naku da littafinsa sun yi makuwa. Ki je ki gaya mashi, ki ce in ji ni. Wanda ya buga littafin nan bai taɓa jiran san noma ya warke ba.

Na sa hannu a ƙasa da ajami kamar yadda na saba, don nan ne kawai hannuna ba ya rawa.

Kakanki, Gide.

*

Sabuwa, 16 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Ni jikina lafiya.

Na yi abin da ka ce. Da ma ban yi ba.

Ran Alhamis na shiga ofishin malamai da takardarka a hannu, mutum bakwai na zaune. Na ce, “Malam, batun zanen nan, hagu ne. Kakana ya tabbatar da shi a gona shekara arba'in.”

Malam Abdulgafar bai yi fushi ba, da ya yi ma da ya fi mani sauƙi. Ya miƙo mani alli ya ce, “Malama, ga allo. Ba ni ba, ba kakanki ba. Sa lambobi ɗaya bayan ɗaya, su raba mu.”

Na sa. Ɗigo na fari ya faɗa dama. Na biyu dama. Ban kai na huɗu ba na ajiye allin. Malamin tarihi ya ce, “A gaishe mana da Farfesan Ketare, a ce mashi ya canza tabarau.” Aka yi dariya har da masinja. Yanzu in na wuce sai in ji ana cewa ga jikar Farfesa.

Baba, da can ban san dalili ba amma na san amsa. Yanzu ko amsar in na zo faɗa sai shakka ta kama ni. Labarin dawarka ya shiga kaina, na ji shi daidai ne, amma ƙarshensa ya kai ni rami. Saura kwana goma sha biyu Hajiya ta zo. Ina tunanin in tattara kayana in koma gida kafin ranar, gara a ce ban zo ba da a ce na zo na faɗi.

Ban rubuto don in ɓata maka rai ba. Amma kai ka ce in je.

Khairiyya.

*

Ketare, 21 ga Oktoba

Khairiyya,

Gaisuwa a taƙaice yau, kowa lafiya, ni ne dai ban ci tuwon kirki ba tun da takardarki ta zo.

Kada ki tattara komai. Karanta wannan tukuna.

Kakata takan ba mu labarin wani mutum mai kirki da baƙo ya tambaye shi hanyar kasuwa. Suna tsaye fuska da fuska. Mutumin ya ce, “Bi dama.” Baƙo ya bi damarsa, ya faɗa kududdufi har wuya. Ya fito yana zagi, mai kirki yana rantsuwa shi bai yi ƙarya ba. Duka biyun gaskiyarsu. Mukan yi dariya mu ce wane irin wawa ne ba zai juya ya tsaya gefen baƙonsa ba. Yau ga ni na girma na zama shi.

Kwana biyu ina juya littafin nan. Mamuda ya zo ya same ni zaure, ya ce, “Yau kuma littafin ake aunawa?” Ban kula shi ba. Na ɗaga kai don kada in ga fuskarsa, sai idona ya sauka kan kalandar masu taki da ke bango. Ɗaya ga wata tana hagu, kwanaki na tafiya dama. Na dubi littafina. Sati na fari yana dama, satuttuka na tafiya hagu. Da ajami nake rubuta littafin gona, jikata. Tun ina yaro hannuna daga dama yake tashi, ko layi zan ja a ƙasa. Ban taɓa tunanin akwai mai jera kwanaki ta wani gefen ba, ke kuma ba ki ce mani ga inda kuke farawa ba, don ke ma ba ki taɓa tunanin akwai irina ba.

Wadda ta makara gaba take matsawa, wajen kwanakin da ba su zo ba. Gabana hagu ne, gabanku dama. Malaminku na da gaskiya, littafinku na da gaskiya, dawata ma na da gaskiya. Bakina ne ya yi saurin yanke hukunci, don ina son a ce jikata ta kayar da malami. Wannan laifina ne, ki yafe mani.

Ki tsaya gaban Hajiyar nan. Jinin Ɗanhausa ba ya gudu ranar awo.

Jabiru ya ce hanyar Faskari ba ta da daɗi kwanan nan, amma zai gwada.

Gide.

*

Ketare, 4 ga Nuwamba

Khairiyya,

Muna lafiya. An fara yankan dawa.

Jabiru ya ce motoci sun kwana goma ba su wuce Yankara ba, ya ba wani mai babur takardata, mai babur kuma ba a sake ganinsa ba. Ranar 28 ta wuce. Ban san ko kin tsaya ba, ban san ko kina Sabuwa ba. Juma'ar da ta wuce ban je awo ba, karo na fari ba ciwo ba tafiya.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Gide.

*

Sabuwa, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga Baba Gide, Farfesan Ketare.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna Bilki, a gaishe mani da Baba Mamuda ma. Ina lafiya ƙalau. Takardunka biyu jiya suka iso tare, ta farin duk ta sha mai da ƙura. Sati biyu cif bayan ranar.

Na tsaya, Baba. Bari in ba ka labari daga farko, kada ka tsallake zuwa ƙarshe.

Na riga na ɗaure jakata. Na ɗauko takardarka ta farko zan sa a ciki, sai na ce bari dai in gwada lambobinka da kaina, ba maganarka ba. Na jera satuttuka, na sa taƙi ɗaya, biyu, huɗu, bakwai. Na sa na ƙanwar. Ta faɗa dama, sarai. Na ce to me ya sa tsohon nan ya ga hagu, alhali lambobinsa ba su yi ƙarya ba? Ina kallon takardar sai na ga sa hannunka a ƙasa. Na tuna zaurenka, yadda kake buɗe littafin gona ta bangon da mu muke kira ƙarshe. Na yi dariya ni kaɗai har matar gidan da nake zaune ta leƙo ta ce ko lafiya.

Ranar 28 na roƙi kara a wata gona kusa da makaranta, na yanka guda takwas da taƙina. Na fitar da yara waje. Hajiya ta jawo kujerarta ta biyo mu, fuskar nan ba annuri. Malam Abdulgafar ya tsaya bakin taga. Na ja layi a ƙasa, na rubuta satuttuka daga hagu, na kafa kara huɗu na yaya. Na ce, “Ga wata gona, iri ɗaya, amma san mai ita ya gurɗe, ta makara sati biyu. Ku kafa mani nata.” Yaran nan duk 'ya'yan manoma ne. Ban ƙara ko kalma ba suka kafa kowane kara gida biyu gaba. Har suna gardama wa zai riƙe dogon.

Sai na ji daga baya, “Don me?”

Na juya. Hajiya ta ce, “Malama, kin rubuta ɗebewa a allo, ga shi karanki ya yi gaba. Don me?”

Na ce, “Hajiya, yau sati na shida, amma ita wannan sati huɗu ta yi a duniya. In ina son tsawonta, sai na ɗebe biyun da ba ta ci ba, in tambayi yayarta. Ɗebewar a cikin kwanakinta take. Shi ya sa duk abin da yayar ta yi, ita sai an ƙara jira kafin a gan shi.”

Ta ce, “In tarawa ce fa?”

Kafin in buɗe baki aji ya ɗauka, “Ta riga ɗayar shuka! Baya za ta koma!” Wata ɗaliba ta tsuguna ta fara tumɓuke karan tana mayar da su hagu.

Hajiya ta daɗe tana rubutu. Da aka tashi ta kira ni ta ce, “A wane littafi kika samo wannan?” Na ce, “Littafin kakana ne, da ajami yake, kwafi ɗaya ne a duniya.” Ta ce in roƙar mata ko shafi biyu, tana son ta nuna wa masu koyon malanta. Sannan ta sa hannu. Na ci, Baba.

Malam Abdulgafar ya ce kada a cire karan, zai kawo nasa ajin. Malamin tarihi har yanzu yana cewa jikar Farfesa, amma yanzu ina amsawa.

Batun yafiya, ba abin da ka yi mani. Gurjiyar da na cinye ta biya.

Jikarka, Khairiyya.

*

Ketare, 19 ga Nuwamba

Zuwa ga Malama Khairiyya, malama ta gaske.

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Bilki ta yi guɗa har awaki suka tsinke. Dawa ta shigo gida, ta bayan gari da ta bakin rafi, kuma in kin zuba su a faifai ɗaya ba mai iya ce maki ga wadda ta makara.

Na tsallake zuwa ƙarshe, kada in yi maki ƙarya. Daga baya na dawo na bi a hankali sau uku.

Abin da ya fi yi mani daɗi ba cin da kika yi ba ne. Takardata ba ta iso ba, kika fito daga kududdufin da ƙafarki, kika kuma gano wanda ya tura ki da dalilinsa. Da Sagiru na da rai, da yau hularsa ba ta zauna mashi ba.

Ga shafi biyu na kwafe wa Hajiya da hannuna. Ban juya su ba, daga dama suka tashi, haka za su tafi. Tsoho ba ya sake hannu a shekara saba'in da shida. Amma na zana kibiya a sama mai nuna inda kwanaki suka dosa, abin da ya kamata in yi tun farko. Littafin kansa naki ne bayan raina, na gaya wa Bilki gaban shaidu.

Jiya bayan la'asar na ɗauki takardarki na tafi gindin tsamiya inda dattawa ke zama. Na karanta masu tun daga Assalamu alaikum, na daɗe a kan Farfesan Ketare, na maimaita shi don masu nauyin kunne. Mamuda ya gyara zama, ya tofar da goro, ya ce, “To mun ji. Amma ina tambaya, Gide. Duk awon nan na shekara arba'in, dawar ta ƙara tsawo?”

Na tashi tsaye, ban ko dafa sanda ba. Na ce, “Dawa ba ta ƙara ba, Mamuda. Tashi ka auna ni.”

Kakanki, Gide.